Yardar Yaro da Alhakin Manya

Akwai wata ƙa'ida da mutane suka daɗe da amincewa da ita, a kasuwa da gaban alƙali: wanda ya yarda da abu da bakinsa ba shi da ta cewa in abin ya juya masa. Da ita ake ɗaure ciniki, da ita ake kashe gardama. Tsuntsun da ya ja ruwa, in ji masu iya magana, shi ruwa kan doka. Amma ƙa'idar tana da iyaka, kuma iyakar tana fitowa fili ran da mai yardar ya kasance yaro, abin da ya yarda da shi kuma ya kasance mutuwa. In yaro ya tashi da ƙafarsa ya ce a ba shi bindiga, ya ƙara wa kansa shekaru, ya matsa wa iyayensa har suka sa hannu, sannan ya mutu a fagen daga, a wuyan wa alhakin ransa yake? Tarihin ƙasar Ostareliya ya adana labarin wani yaro da ya dace a auna wannan tambaya a kansa, domin an san ranar haihuwarsa, an san ranar mutuwarsa, an kuma san hannuwan da ya bi ta cikinsu.

Shekara goma sha huɗu da wata tara

Sunansa James Charles Martin, a gida ana kiransa Jim. An haife shi ranar 3 ga Janairu 1901 a Tocumwal, wani ƙaramin gari na jihar New South Wales, kwana biyu bayan da yankunan Ostareliya shida suka haɗu suka zama tarayya guda ƙarƙashin sarautar Ingila. Shi ne na uku cikin ƴaƴa shida, kuma shi kaɗai ne namiji. Iyalin sun yi ta ƙaura kafin su zauna a unguwar Hawthorn ta birnin Malbon. A can ya yi lakwal, a can kuma ya fara koyon fareti, domin tun 1911 dokar ƙasar ta wajabta wa yara maza horon share fagen soja daga shekara 12. Da ya bar lakwal sai ya kama aikin gona.

Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a watan Agusta 1914. Ostareliya, wadda mutanenta ba su kai miliyan biyar ba a lokacin, ta bi bayan Ingila. Andrew Fisher, wanda ya zama firaminista a watan Satumba na wannan shekara, ya riga ya yi alkawari a bainar jama'a cewa ƙasarsa za ta tsaya wa Ingila har mutum na ƙarshe da sule na ƙarshe. Ba a tilasta wa kowa fita yaƙi a ƙasar waje ba. Rundunar ta ƴan sa-kai ce, kuma sau biyu, a 1916 da 1917, jama'a suka ƙi amincewa da ɗiban tilas ta hanyar ƙuri'a. Sai dai ana biyan ƙaramin soja sule shida a rana, ana kaɗa ganga a tituna, bango kuma cike yake da hotunan kira zuwa yaƙi. Mutum fiye da 400,000 suka ba da sunansu, kimanin 60,000 ba su dawo ba.

Mahaifin Jim ya je ya ba da sunansa, aka mayar da shi gida saboda shekarunsa sun wuce. Sai ɗan ya ce shi zai tafi. Doka ta ce wanda bai kai shekara 21 ba sai ya zo da takardar yardar iyaye. Iyayen suka ƙi. Jim ya ce musu in ba su sa hannu ba zai gudu, ya shiga soja da wani suna, kuma ba za su ƙara samun wasiƙarsa ba. Suka ba da takardar. Ranar 12 ga Afrilu 1915 aka rubuta shi a rajista, ya ce shekararsa 18. Yana da shekara 14 da wata 3.

Yana cikin horo a sansanin Broadmeadows, kusa da Malbon, ƴan ƙasarsa na farko suka sauka a Galifoli ranar 25 ga Afrilu. Galifoli wani zirin ƙasa ne mai tsaunuka da kwazazzabai a bakin mashigin ruwa na Dardanel, cikin Turkiyya ta yau. Ingila da Faransa sun so su buɗe wannan mashigi, su kai ga birnin Istanbul, su fitar da daular Turkawa daga yaƙin, su kuma sami hanyar kai wa Rasha ɗauki. Turkawa, cikinsu har da Mustafa Kemal wanda daga baya ya kafa jamhuriyarsu, suka riƙe tuddai, suka hana baƙin gusawa daga gaɓa. Daga watan Mayu jaridun Ostareliya suka fara buga jerin sunayen matattu. Duk da haka, ranar 28 ga Yuni aka sa Jim cikin jirgin ruwa mai suna Berrima, aka nufi Masar da shi tare da waɗanda za su ƙara wa bataliya ta 21 ƙarfi.

Daga Masar aka ɗauke su cikin wani jirgin, Southland. Ranar 2 ga Satumba, kusa da tsibirin Lemnos, jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbe shi. Mutum kimanin 40 suka halaka, Jim kuwa ya yi wajen awa huɗu cikin teku kafin a tsamo shi. Kafin mako ya zagayo ya sauka Galifoli, aka kai shi ramukan yaƙi kusa da wurin da ake kira Courtney's Post. Manyan hare-haren watan Agusta sun riga sun wuce. Abin da ya rage shi ne zaman rami, da ƙarancin ruwa, da busasshen biskit da naman gwangwani, da ƙudaje masu tashi daga gawarwaki da masai su sauka kan abinci. A wannan lokaci cuta ta fi harsashi kwashe mutane daga fagen.

A wasiƙunsa yana ce wa mutanen gida kada su damu, yana nan lafiya. A cikin ɗaya ya koka cewa kowa na samun wasiƙa ban da shi, tun da ya bar Malbon ko ɗaya ba ta iso shi ba. Zazzaɓin hanji, wanda likitoci ke kira taifot, ya kama shi. Ya yi wajen mako biyu yana daurewa bai nemi magani ba. Ranar 25 ga Oktoba da yamma aka kai shi jirgin asibiti mai suna Glenart Castle, bai cika awa biyu a ciki ba zuciyarsa ta tsaya. Aka sa gawarsa a teku. Babbar mai jinya ta jirgin ta rubuta wa uwarsa, ta ce ya yi musu godiya kafin ya cika. Shi ne mafi ƙanƙanta da aka sani cikin ƴan Ostareliya da suka mutu a wannan yaƙi. Wata biyu bayan haka aka kwashe rundunar daga Galifoli ba a ci komai ba, bayan Ostareliya ta yi asarar mutum kimanin 8,700 a wurin.

Mece ce yarda?

Kafin a ce mutum ya yarda, sai abu uku sun cika. Sai ya san abin da ake kiransa gare shi. Sai hankalinsa ya nuna har ya iya auna abin da zai samu da abin da zai rasa. Sai kuma ya kasance yana da ikon ƙi. Shi ya sa ba a karɓar sa hannun yaro a cinikin gona, ba a kuma miƙa wa maraya dukiyar gadonsa sai ya yi wayo, ko da ya yi rantsuwa cewa yana so.

Sharaɗin farko bai cika ba. Ranar 12 ga Afrilu ko manyan hafsoshi ba su san abin da ke jiransu a Galifoli ba, balle yaron da bai san yaƙi ba sai a filin faretin lakwal. Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Na biyun ma bai cika ba. Ɗan shekara 14 ya san kalmar mutuwa, amma a ransa abu ce da ke samun waɗansu. Duk malamin da ya taɓa riƙe aji na biyu ko na uku na kwaleji ya san wannan shekara: murya ta fara buɗewa, kafaɗa ta fara faɗi, kuma babu abin da ya fi yi wa yaro zafi irin a kira shi yaro.

Sharaɗi na uku shi ne mai wuyar gani. A kudancin wannan ziri na Galifoli, cikin rundunar Faransa, akwai sojoji daga Afirka ta Yamma, waɗanda Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais ko daga wace ƙasa suka fito. Da yawa daga irinsu an ɗebo su ne daga ƙauyuka bisa adadin da kumandan ya ɗora wa sarakuna, kuma wannan ɗiba tana cikin abin da ya tayar da bore a yankin kogunan Bani da Volta a 1915 da 1916. Ba mai gardama cewa an zalunci wanda aka kai yaƙi da igiya a wuya, domin igiyar a bayyane take. Jim ba a ɗaure shi ba. Amma al'ummar da ta jera yaro a layin fareti tun yana shekara 12, ta koya masa cewa namiji shi ne wanda ya fita, inda har waɗansu mata ke miƙa farin gashin tsuntsu ga samarin da suka gani cikin kayan gida alamar matsorata ne, ita ma ta saƙa igiya, sai dai a cikin ƙirji ta ɗaura ta. Wanda ya dasa sha'awa a zuciyar yaro ba shi da ikon ya juyo ya kafa hujja da ita.

Hannuwan da suka karɓi ƙarya

Ƙaryar Jim gajeriya ce: ya ce 18 maimakon 14. Amma ƙarya ba ta tafiya sai ta sami mai karɓa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tasa ta bi ta hannun iyaye, da mai rajista, da likitan da ya duba ƙirjinsa da haƙoransa, da sajan na sansanin horo, da hafsoshin da suka kirga shi ya shiga jirgi sau biyu. Wata shida da rabi tana tafiya, ba wanda ya tare ta.

Mutane sun fi saurin nuna uwar da yatsa, domin ita ce ta san ranar da ta haife shi. Amma a dubi inda aka tsayar da ita. In ta sa hannu, ɗanta ya tafi yaƙi da sunansa. In ta ƙi, ya tafi da sunan wani, ba wasiƙa, ba labari, in ya mutu kuma ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofarta ya gaya mata. Gaba kura, baya sayaki. Zaɓin da ke gabanta, a yadda ta gan shi, tsakanin rashi da sani ne da rashi cikin duhu, sai ta zaɓi ta riƙe zaren da zai haɗa ta da shi. Abin tausayi, zaren ma bai yi mata aikin da ta so ba, tun da yaron ya zauna a rami yana jiran wasiƙar gida ba ta zo ba. Ana iya cewa da ta je ta faɗa wa soja gaskiya. Haka ne, kuma a nan ne nata rabon laifin yake. Sai dai barazanar Jim ba ta da ƙarfi sai domin abu guda: ya san, ita ma ta sani, cewa akwai wani ofishin a gaba inda za a karɓe shi da kowane suna ba tare da tambaya ba. Da ƙofar soja a rufe take ga yara, da maganar tasa ta zama fushin yaro wanda ke hucewa kafin gari ya waye.

Daga nan ake iya fitar da ma'auni: alhaki yana nauyi gwargwadon sauƙin ƙi. Uwa, in ta ƙi, ɗa take tsoron rasawa. Mai rajista kuwa, in ya ƙi, ba abin da zai rasa sai suna ɗaya a shafinsa. Magana guda ta ishe shi: koma gida ka zo da takardar haihuwarka. Takardar kuwa akwai ta, domin jihar da aka haifi Jim tana rajistar haihuwa tun 1856. Ba a nema ba ne kawai, kuma rashin neman ba mantuwar mutum ɗaya ba ce, haka tsarin yake tafiya. A Ingila ma masana tarihi sun ƙiyasta cewa yara kimanin 250,000 suka shiga soja a wannan yaƙi ba su kai shekarun doka ba. Irin wannan adadi ba ya samuwa sai hukuma ta zaɓi ta kau da kai. Kuma rundunar da ta karɓi Jim ta iya cewa a'a, ta ma faɗa wa mutumin gidansu: ta kirga shekarun uban ta ga sun yi yawa, ta mayar da shi. Na ɗan ne ba ta kirga ba.

Shin jarunta ce?

A nan akwai haɗari na biyu. Mai son wanke yaro daga laifi yakan zarce har ya ƙwace masa darajarsa, ya mayar da shi abin tausayi kurum, kamar ɗan tunkiya da aka ja zuwa mahauta. Wannan ma rashin adalci ne.

Aristotal, a cikin bincikensa kan halaye, ya raba jarunta ta gaskiya da abubuwan da suka yi kama da ita. A wurinsa jarumi shi ne wanda ya san haɗari, ya ji tsoronsa daidai gwargwado, ya kuma tsaya saboda abin da ya cancanta. Wanda ya kutsa domin bai san abin da ke gabansa ba, ƙarfin halin jahilci ne, kuma irinsa yakan arce da zarar ya gane. In an auna Jim na ranar 12 ga Afrilu da wannan ma'auni, ba za a kira shi jarumi ba tukuna. Amma Jim na watan Oktoba wani mutum ne. Ya yi awa huɗu cikin teku, ya ga waɗanda ruwa ya ci, ya yi mako bakwai a rami yana shaƙar warin gawa. A lokacin ya sani. Kalma guda game da shekarunsa tana iya buɗe masa hanyar fita, bai faɗe ta ba, kuma yana rubuta wa uwarsa cewa yana lafiya domin kada hankalinta ya tashi. Wannan juriya ce ta gaske, kuma tasa ce.

Sai dai juriyar yaro ba ta biya wa manya bashinsu. Ta ma ƙara masa nauyi, domin ta nuna irin mutumin da aka yi asara. Halin da ya sa ya daure da zazzaɓi mako biyu bai yi ƙorafi ba, shi ne halin da za a yaba a gona ko a aji, kuma shi ne ya jinkirta kai shi wurin likita. Amanar babba ita ce ya kare yaro daga kyawawan halayensa ma, in ya ga za su kai shi ga halaka.

“Ai zamaninsu ne”

Za a ce bai dace a yi wa mutanen 1915 shari'a da dokokin yau ba. A wancan zamani ɗan shekara 14 yana barin lakwal ya kama sana'a, yana ciyar da gida. Gaskiya ne, amma hujjar ta rushe da abu guda: sai da Jim ya yi ƙarya kafin a karɓe shi. Da zamaninsa ya halatta yaƙin ɗan shekara 14, da bai bukaci ƙara shekara huɗu ba. Dokarsu ce da kansu suka taka.

Sanin ma ya girme su da nisa. Littattafan hadisi sun kawo cewa Abdullahi ɗan Umar ya gabatar da kansa ranar yaƙin Uhudu yana da shekara 14, Annabi (SAW) ya mayar da shi, alhali mayaƙan Madina ba su kai yawan abokan gaba ba. Sai a yaƙin Handaƙ, yana da 15, aka karɓe shi. Ɗokin yaron da bukatar runduna duk suna nan a wannan rana, amma ba su hana a kirga shekaru ba.

Dokar ƙasa da ƙasa ta biyo baya a hankali. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta tsaya a shekara 15. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da jin daɗin yaro ta 1990 ta ɗaga zuwa 18, ƙarin yarjejeniyar Majalisar ta 2000 ita ma ta sa 18 ga shiga faɗa kai tsaye da ɗiban tilas. Dokar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuka, ta mayar da ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 15 laifin yaƙi, ko an tilasta shi ko shi ya kawo kansa. A kan wannan laifi ne kotun ta yanke hukuncinta na farko a 2012, a shari'ar Thomas Lubanga na Kwango, ta kuma bayyana cewa yardar yaro ba kariya ba ce ga wanda ya ɗauke shi. Abin da alƙalan suka rubuta shi ne abin da mai rajistar Malbon ya kamata ya gani da idonsa shekara 97 kafin nan.

Yadda ake ba da labari

Jim ba shi da kabari. Sunansa yana rubuce a dutsen tunawa na Lone Pine a Galifoli, cikin waɗanda ba a san makwancinsu ba, yana kuma bangon tunawa da matattun yaƙi a birnin Kambera. An ba shi lambobin yaƙi uku bayan mutuwarsa. Kowace shekara, ranar 25 ga Afrilu, Ostareliya da Niyu Zilan suna tunawa da saukar Galifoli, kuma tun da Anthony Hill ya wallafa littafi kan rayuwarsa a 2001, yaran ƙasar da dama sun san sunansa.

Tunawa haƙƙinsa ce. Amma labari guda yana iya zama gargaɗi, yana kuma iya zama ganga, ya danganta da bakin mai ba da shi. In aka tsaya a kan cewa ga yaro ɗan shekara 14 da ya yi abin da manya suka kasa, to an kira na gaba, domin ɗalibin da ke sauraro shekarunsu ɗaya, kuma shi ma yana neman ran da za a daina kiransa yaro. Malamin da ya ɗauki wannan labari zuwa aji ya kamata ya ba da shi duka: ya faɗi juriyar Jim, ya kuma sa ɗalibai su kirga manyan da yaron ya wuce ta gabansu daga teburin rajista zuwa jirgin asibiti, su tambayi abin da kowannensu zai rasa da ya ce masa ya koma gida. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ana yawan faɗin wannan karin magana domin a ladabtar da yara, alhali nauyinta a kan babba yake, domin wanda ya hango ya yi shiru shi za a tambaya.